Shekarar Tsakani: Yohanna Markus da Koyon Aiki a Ƙasar Waje

Karatu: Ayyukan Manzanni 13:1-13, 15:36-41

Ya ku ɗalibai, musamman ku 'yan ajin ƙarshe, kun san cewa ba kowa ne yake fita daga wannan makaranta ya faɗa jami'a kai tsaye ba. Wani yakan yi shekara guda a gida yana jiran sakamakon JAMB, wani ma har biyu. Mu a nan dole ce take sa mu jira. Amma a Ingila da Jamus da wasu ƙasashen Turai akwai matasa da suke ɗaukar wannan shekara da gangan. Sukan sami gurbi a jami'a, su roƙa a ajiye musu shi, sa'an nan su tafi wata ƙasa su yi wa wata ƙungiyar agaji aiki ba albashi, suna koyon aiki. Bari mu kira ta shekarar tsakani. Yanzu da waya take hannun kowa, tallar irin wannan tafiya tana iso mu har ɗakin kwana, wasunku kuwa sun riga sun zo suna tambaya ko abin kirki ne. Domin wannan ne muka ga ya dace mu yi nazarinsa tare.

Inda abin ya samo asali

A Jamus daga ikkilisiya ya fito. A shekarar 1954 wani fasto mai suna Hermann Dietzfelbinger, shugaban wata cibiyar hidima ta Lutaran a garin Neuendettelsau, ya yi kira ga 'yan mata su ba da shekara ɗaya ta rayuwarsu domin kula da marasa lafiya da gajiyayyu. A 1964 gwamnati ta kafa doka a kan wannan shekara ta aikin sa kai, a 2008 kuma ta buɗe shirin weltwärts, wanda yake aika matasa masu shekara 18 zuwa 28 ƙasashen waje.

A Ingila kuwa sunan da ya kamata mu riƙe shi ne Alec Dickson, kuma ba baƙo ba ne a gare mu. Shi ne ya kafa sansanin horon matasa a Man O' War Bay, a kudancin Kamaru, a farkon shekarun 1950, inda ƙungiyar Man O' War ta makarantunmu ta samo sunanta. Da ya koma gida, shi da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar VSO a 1958. Waɗanda aka fara aikawa ba su kai ashirin ba, dukansu samari ne da suka gama sakandare, ba su da wata sana'a a hannu. Ana ba su wurin kwana da ɗan kuɗin kashewa, shi ke nan.

To, ga abin lura. Ba a daɗe ba ƙasashen da suke karɓar baƙin suka nuna cewa ƙwararru suke bukata. Tun daga 1962 VSO ta koma ga waɗanda suka gama jami'a, zuwa 1980 kuwa ta daina aika marasa sana'a gaba ɗaya, ta mai da wa'adin aikin shekara biyu. A 2007 shugabar ƙungiyar a Ingila, Judith Brodie, ta fito fili ta gargaɗi matasa cewa da yawa daga cikin shirye-shiryen da kamfanoni suke sayar musu da tsada ba sa amfanar kowa sai masu kamfanin. Idan waɗanda suka soma abu suka faɗi haka a kansa, ya kamata mu kasa kunne.

Mataimaki, ba shugaba ba

Littafi Mai Tsarki yana da labarin wani saurayi da ya yi irin wannan tafiya. Yohanna Markus ɗan birni ne, ɗan gata kuma. Gidan mahaifiyarsa Maryamu a Urushalima babba ne har masu bi da yawa sukan taru a ciki su yi addu'a, akwai kuma baranya mai buɗe ƙofa (Ayyukan Manzanni 12:12-13). Barnaba ɗan'uwansa ne (Kolosiyawa 4:10), wato da hanya ya sami gurbin, kamar yadda ake samu har gobe. Sa'ad da ikkilisiyar Antakiya ta aiki Barnaba da Bulus, sai suka tafi da shi tsibirin Kubrus.

Ku duba aya ta 2 da ta 5 na sura 13 da kyau. Mutum biyu aka keɓe, aka ɗibiya musu hannu. Markus ba ya cikinsu. Mataimaki aka kira shi. Kalmar Helenanci da Luka ya yi amfani da ita, huperetes, ita ce dai ya mora a Luka 4:20 domin ma'aikacin majami'a wanda ya karɓi littafi daga hannun Yesu ya mayar wurin ajiya. Ba mai wa'azi ba ne, mai ɗaukar kaya ne, mai neman masauki, ɗan aike.

Wannan shi ne ainihin matsayin ɗan shekara goma sha takwas a kowace ƙungiya, ko a Landan take ko a Nairobi. Zai share ofis, ya jera takardu, ya shigar da sunaye cikin kwamfuta, ya ƙirga kwalaye a sito, ya tura keken guragu, ya wanke kwanuka. Ba ƙasƙanci ba ne. A wurin ƙirga kwalaye ne mutum yake gane yadda ƙungiya take kashe kuɗin da aka ba ta amana, da dalilin da ya sa ake neman rasit a kan kowane kwabo, da yadda ake rubuta rahoto ga masu ba da taimako. Wanda ya yi wata shida yana wannan da idonsa a buɗe ya koyi abin da ba a koyarwa a aji. Amma sai mu faɗi gaskiya: mafi yawan ribar shekarar shi ne yake kwashewa, ba mutanen da ya je wurinsu ba. Su ne suke ba shi lokacinsu, su jure wa kurakuransa, su koya masa gaisuwa da harshensu, ya tafi kuma a daidai lokacin da ya fara zama da amfani. Wanda ya gane haka yakan shiga da tawali'u. Wanda bai gane ba yakan ɗauka shi ne mai ceto.

Inda ɓarna take shiga

Akwai ƙungiyoyin da sukan ba yaro aikin da bai isa ba, domin kawai ya biya kuɗi ya zo daga nesa. A sa shi koyar da aji alhali akwai malami ɗan gari da ba shi da aiki, ko a bar shi ya yi allura ko ya karɓi haihuwa, abin da ba za a taɓa yarda ya yi a ƙasarsa ba. Ma'auni mai sauƙi shi ne: abin da doka ba ta ba ka izinin yi a garinku ba, kada ka yi shi a jikin talakan wata ƙasa.

Mafi muni shi ne batun gidajen marayu. A ƙasar Kambodiya, wani bincike da gwamnati ta yi tare da UNICEF ya nuna gidajen marayu sun ƙaru daga 154 zuwa 269 tsakanin 2005 da 2010, a lokacin da baƙi masu yawon buɗe ido suke ta ƙaruwa, alhali kusan uku cikin huɗu na yaran da suke ciki suna da uwa ko uba da rai. Talauci ne ya sa iyaye suka miƙa su, bisa alkawarin abinci da makaranta. Wasu masu gidajen kuwa sun gane cewa yaro mai tsumma ya fi jawo tausayi da kuɗi. Ga kuma yaran, kowane wata sabuwar fuska ta rungume su, ta yi hoto, ta tafi. A 2018 ƙasar Ostareliya ta zama ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa irin waɗannan gidaje a matsayin wani nau'i na bautar zamani. Matasan da suka je ba mugaye ba ne, da zuciya ɗaya suka tafi. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta hana kuɗinsu ciyar da mugun ciniki ba.

Harshe ma yana ɓarna. A watan Oktoba 1961 wata budurwa Ba'amurkiya cikin rukunin farko na Peace Corps da ya zo Nijeriya ta rubuta wa abokinta katin gaisuwa daga Ibadan, ta kwatanta ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin bai kai Amurka ba, ya faɗa hannun ɗaliban jami'a. Suka kwafe shi suka rarraba, aka yi zanga-zanga, ita kuwa dole ta bar ƙasar. Shekara ɗaya ke nan da samun 'yancin kai, mutane ba su shirya jin baƙo yana raina gidansu ba. Kati ɗaya ne ya yi wannan. Yau wanda ya sa hoto da magana a Facebook, masu masaukinsa za su gani kafin ya gama cin abincin da suka dafa masa. Mu da muka san zafin a yi mana haka, kada mu je mu yi wa wasu.

Idan kai ne za ka tafi

Ba Turawa kaɗai suke tafiya ba. A 2013 shirin weltwärts ya buɗe ƙofa domin matasan Afirka da Asiya da Latin Amurka su je Jamus su yi hidima a gidajen tsofaffi da makarantun yara da wuraren naƙasassu. Ingila tana da biza ta ma'aikacin agaji, wadda ba ta wuce wata goma sha biyu, ba a kuma yarda a biya mai ita albashi, sai kuma wata ƙungiya da gwamnati ta amince da ita ta ba shi takardar ɗaukar nauyi. Ku riƙe wannan, gama a nan ne 'yan damfara suke kama mutane. Duk wanda ya ce zai kai ka aikin sa kai a Turai, za ka kuma riƙa aiko da kuɗi gida, ko dai bai san abin ba, ko yana so ya cuce ka. Na taɓa ganin takardar da wani dillali ya ba iyayen wani yaro, da tambari da sa hannu, an ce a biya kuɗin rajista cikin kwana uku a asusun wani mutum. Da aka rubuta wa ƙungiyar da sunanta yake kan takardar, sai suka ce ba su taɓa jin labarinsa ba. Saura kaɗan a sayar da gona.

Saboda haka kafin a yi maganar fasfo, a nemi sanin ko ƙungiyar tana da rajista a ƙasarta, a rubuta mata kai tsaye, a nemi yin magana da wani da ya yi shirin ya dawo. A tambaya wane ne zai lura da kai, wane aiki za ka yi daga safe zuwa yamma, wa zai biya asibiti in ka kwanta ciwo, mutanen gari ne suka nemi a aiko musu da mutum ko kuwa ɗora musu aka yi. A sa fasto da iyaye cikin maganar tun farko. Kada kuma ka miƙa wa kowa fasfonka ya riƙe maka.

Akwai gwaji guda da sai an ambata. Wa'adi yakan cika, sai wani ya ga gara ya ɓace a can. Ya karya alkawarin da ya sa wa hannu, ya zama mai ɓuya, ya kuma rufe ƙofa ga ƙannensa, domin ofishin jakadanci ba ya mantuwa, ƙungiyar ma ba za ta sāke karɓar kowa daga ikkilisiyar da ta aiko shi ba.

Ni dai a ganina, wanda bai taɓa share ɗakin sujada ba tare da an sa shi ba, bai taɓa kwana da majiyyaci a asibitin garinsu ba, bai shirya ƙetare teku ba tukuna. Asibitocin mishan da makarantun makafi da sansanonin 'yan gudun hijira suna nan kusa, kuɗin mota kaɗai suke bukata.

Wanda ya juya a hanya

Mu koma ga Markus. Sun ratsa Kubrus daga gabas zuwa yamma, suka shiga jirgin ruwa zuwa ƙasar Bamfiliya, a kudancin Turkiyya ta yau. A nan ya rabu da su ya koma Urushalima. Luka bai faɗi dalili ba. Abin da taswira take nunawa shi ne, abin da yake gabansu tafiyar fiye da kilomita 150 ce a ƙafa, ta cikin duwatsun Taurus, zuwa gari mai tsayin sama da mita 1,000. Kubrus ƙasar Barnaba ce, akwai dangi da sanannu. Daga Bamfiliya ne baƙunci na ainihi ya fara. Masu shirya irin wannan tafiya sun san wannan lokaci sarai: ɗokin makonnin farko ya wuce, abinci ya gundure ka, sanyi ya shiga ƙashi, ba mai jin harshenka, kewar gida ta taso.

Tafiyarsa ba ƙaramin abu ba ce. Kayan da yake ɗauka wani ne ya ɗauka. Da lokacin tafiya ta biyu ya yi, Barnaba ya so a sāke ba shi dama, Bulus ya ƙi, gardama ta yi zafi har abokan aikin nan biyu suka rabu. Bulus ya ɗauki Sila, Barnaba ya ɗauki Markus suka koma Kubrus. Kowannensu yana da hujja: Bulus aikin yake dubawa, Barnaba kuwa yaron. A ajinku ku tattauna wanda za ku goyi baya da kuna wurin.

Bayan shekaru fiye da goma sai ga sunan Markus cikin abokan aikin Bulus (Filimon 24). A wasiƙarsa ta ƙarshe kuma, daga kurkuku, tsohon ya roƙi Timoti ya yi ƙoƙari ya iso kafin hunturu, ya kawo masa alkyabbar da ya bari a Taruwasa da littattafansa, ya kuma zo da Markus, domin yana da amfani a gare shi cikin hidima (2 Timoti 4:11-13, 21).