Darasi: ruɓewa mai amfani da ruɓewa mai cutarwa

Iyaye mata da masu wayar da kan al'umma, ƙasar Dungas da Magarya tana iyaka da Najeriya, don haka buhunan taki da ake sayowa daga kasuwar Maigatari sukan zo da rubutun Ingilishi. Wannan darasi zai fayyace kalmomi biyar da suka shafi ruɓewa da taki, domin suna da alaƙa da abincin ƴaƴanmu.

1. Decay ko rot: ruɓewa. Ƙananan halittun da ido ba ya gani ne ke cin ganye ko kashin dabba har ya sauya kama. Suna buƙatar danshi da iska da ɗumi.

2. Mould: fumfuna. Idan ta kama gyaɗa ko masarar da aka adana da danshi, tana iya haifar da gubar afalatoksin mai lahanta hanta, wadda dafuwa ba ta kawar da ita. Kada irin wannan gyaɗa ta shiga kunun yaro.

3. Manure: takin dabbobi, da Faransanci fumier. Ɗanyensa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa, gudawa kuwa babbar ƙofar tamowa ce. Kada a zuba shi ga salad ko tumatir da za a ci ɗanye, kuma kada yara su yi wasa a kansa.

4. Compost: takin da aka ruɓar da gangan. Haka sunansa yake da Faransanci.

5. Fertilizer: taki kowane iri, da Faransanci engrais. A jikin buhu galibi takin zamani ake nufi, kamar NPK 15-15-15 ko yuriya. Idan an gama shi da kalmar organic, daga tsiro ko dabba aka samo shi. Takin zamani yana ciyar da shuka, amma ba ya taimaka wa jigawa ta riƙe ruwa kamar ruɓaɓɓen taki.

Yadda ake ruɓar da taki

A haƙa rami a inuwa, nesa da rijiya. A shimfiɗa yankakken karan gero, a bi shi da kashin awaki ko shanu, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa. A maimaita har ramin ya cika, sannan a rufe da ciyawa. Ban da leda da batir da kashin mutum. A riƙa juyawa duk mako 2. Zafin da ke tashi a ciki, idan ya kai digiri 55, yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Bayan wata 2 zuwa 3 takin zai yi baƙi, ya yi laushi, warinsa ya koma na ƙasar da ta sha ruwan sama. A lokacin ne ya dace da garkar zogale da kabewa da yakuwa.

Saƙon da za a isar gida-gida: abin da ya ruɓe na gona ne, ba na tukunya ba. Uwa ta wanke hannu da sabulu bayan ta taɓa taki, kafin ta shayar da yaro ko ta dama masa kunu.