Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Gwada Jakunkunan Fayil Biyu A Kwamfuta, A Kuma Daidaita Su

Unguwar Sabo da ke Mokola a birnin Ibadan, hedkwatar Jihar Oyo, ta samu gindin zama ne tun a shekarar 1916, sa'ad da aka ware wa Hausawa baƙi filin da za su zauna a ƙarƙashin sarkinsu. Abin da ya raya ta kuwa shi ne fatauci mai nisan zango, wato shanu daga Arewa zuwa Kudu, goro kuma daga ƙasar Yarabawa zuwa Arewa, musamman bayan da layin dogo ya isa Ibadan a 1901, ya kuma kai Kano a 1911. Wani masanin zamantakewar al'umma mai suna Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar cikin 1962 da 1963, ya nuna a littafinsa da aka buga a 1969 cewa galibin cinikin shanu a kan bashi ake yin sa, kuma mai gida, wato mai saukar da fatake, shi ne ke lamunce wa bafatake cewa mahaucin da ya ɗauki sa zai biya.

Kasuwancin da ya dogara a kan bashi da amana ba ya tafiya sai da lissafi mai tsabta. A da, littafi guda ne a hannun malamin mai gida, kowa ya san inda yake. A yau kuwa, 'yan canjin kuɗi da aka san Sabo da su, da dillalan hatsi da na dabbobi masu hulɗa da kasuwannin Bodija da Akinyele, da dama sun mayar da lissafinsu cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Wannan ci gaba ne, amma ya zo da wata matsala wadda littafin takarda bai san ta ba: lissafi ɗaya ya kan rabu gida biyu ko uku, kowane yana ikirarin shi ne na gaskiya.

Asalin matsalar

A ɗauka cewa wani ɗan kasuwa yana da kwamfuta a shago, yana kuma da filashi da yake kwafe jakar lissafinsa a ciki kowace yamma. Ranar Asabar ya zauna a gida ya gyara jerin masu bashi a cikin filashin, ya soke sunan wanda ya biya. Ranar Litinin yaronsa ya riga shi zuwa shago, ya shigar da sabon ciniki a fayil ɗin da ke cikin kwamfutar. Yanzu akwai fayil biyu masu suna ɗaya, kowane yana ɗauke da abin da ɗayan ba shi da shi. Idan aka kwafi na filashi a kan na shago, cinikin Litinin ya ɓata. Idan aka yi akasin haka, za a je a bi wanda ya riga ya biya bashi, a zubar da mutuncin da aka daɗe ana ginawa.

Ba mutunci kaɗai ne ke cikin haɗari ba. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kowane kamfani mai rajista ya adana bayanan lissafinsa har tsawon shekara 6. Haka kuma, a watan Maris na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin kamfanonin canjin kuɗi 4,173, kuma rashin miƙa rahoton hada-hada na daga cikin dalilan da ya bayar. Daɗin daɗawa, rikicin kasuwar Shasha a Ibadan cikin watan Fabrairu na 2021, inda aka ƙona shaguna, ya tuna wa kowa cewa abin da aka ajiye a wuri ɗaya kaɗai yana iya salwanta a yini guda. Ke nan ajiye kwafi biyu wajibi ne, tabbatar da cewa sun yi daidai da juna kuma shi ne aikin da wannan darasi ya ƙunsa.

Gwadawa daban, daidaitawa daban

Gwadawa ita ce a jera jakunkuna biyu gefe da gefe, ɗaya a hagu ɗaya a dama, manhaja ta nuna da launi ko alama wane fayil ne ke hagu kaɗai, wane ne ke dama kaɗai, wane ne yake ɓangarorin biyu amma ya bambanta. Wannan mataki ba ya taɓa kome, kallo ne kawai. Daidaitawa kuwa ita ce a ba manhajar umurni ta kwafa, ta maye gurbi, ko ta share, har jakunkunan su zama iri ɗaya. A nan ne haɗari yake, domin abin da aka maye gurbinsa ba lalle ne ya dawo ba. Ƙa'idar farko ita ce kada a daidaita sai an gwada an kuma karanta sakamakon da ido.

Manhajojin suna gane bambanci ta hanyoyi biyu. Ta farko, su dubi girman fayil da lokacin da aka yi masa gyara na ƙarshe. Wannan tana da sauri, amma ta dogara ne a kan agogon kwamfuta. Kwamfutoci na hannu, waɗanda ake kira tokumbo, sau da yawa ƙaramin batirin da ke riƙe agogonsu ya riga ya mutu, don haka da an ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya. A irin wannan hali, fayil ɗin da aka gyara yau sai ya zama tamkar tsoho, manhaja ta danne shi da na makon jiya. Hanya ta biyu ita ce a gwada abin da ke cikin fayilolin kansu, harafi da harafi. Tana cin lokaci, amma agogo ba ya yaudararta wajen gane ko fayil biyu iri ɗaya ne. Sai dai ba za ta faɗi wane ne sabo ba, wannan hukunci na mai dukiya ne.

Manhajojin da ake da su

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1970 aka ƙirƙiro umurnin diff a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka domin gwada rubutu biyu layi da layi. A 1986 Norton Commander ya yaɗa tsarin allo mai gida biyu, hagu da dama, wanda har yau ake bi. A 1996 Andrew Tridgell da Paul Mackerras na ƙasar Ostireliya suka fito da rsync, wanda ke aika iyakar ɓangaren da ya canja maimakon fayil gaba ɗaya. Amma diff da rsync duk rubuta musu umurni ake yi. Ɗan kasuwa ya fi bukatar abin da zai gani da idonsa, kuma guda huɗu ne suka fi dacewa da shi.

FreeFileSync kyauta ce ga amfanin gida, tana aiki a Windows da macOS da Linux, kuma domin daidaita jakunkuna aka gina ta. Tana nuna kibiya a gaban kowane fayil, mai nuna inda za a kwafa shi, kafin a taɓa kome. Idan an gyara fayil ɗaya a ɓangarorin biyu, kamar misalin da aka kawo a sama, takan tsaya ta nuna cewa akwai saɓani, ba ta yanke hukunci da kanta.

WinMerge ita ma kyauta ce, amma a Windows take aiki. Ƙarfinta yana wajen gwadawa: bayan ta nuna fayilolin da suka bambanta, ana iya buɗe su a ga ainihin layin da ya canja. Ga fayilolin Excel da Word, sai an kunna wani ƙarin sashe da ke zuwa tare da ita.

Beyond Compare, ta kamfanin Scooter Software na Amurka, saye ake yi bayan wa'adin gwaji na kwana 30. Tana haɗa aikin biyu, tana kuma iya jera teburin lissafi biyu ta nuna gidan da adadi ya sauya. Ga ofishin canji mai yawan tebura, wannan kaɗai na iya biyan kuɗinta.

Total Commander, wadda Christian Ghisler na ƙasar Suwizalan ya fara fitarwa a 1993, manhajar sarrafa fayiloli ce mai allo gida biyu, tana kuma da sashen daidaita jakunkuna a cikinta. Ita ma ana biyan kuɗin lasisi.

Akwai masu ba da shawarar SyncToy ta kamfanin Microsoft. Ya kamata a sani cewa kamfanin ya daina bayar da ita tun 2021, don haka kwafin da ake samu a wasu wurare ba abin dogaro ba ne. A kowane hali, a sauko da manhaja daga shafin masu ita, kada a karɓi wadda aka fasa makullinta a kasuwa, domin ta irin wannan ƙofa ce cutar kwamfuta ke shiga.

Hanyoyi uku na daidaitawa

Hanya ta farko ita ce ta madubi, wadda manhajojin ke kira Mirror. Ana mayar da jakar dama ta zama hoton ta hagu sak. Duk abin da ke dama wanda babu shi a hagu za a share shi. Ta dace da wanda yake aiki a kwamfuta ɗaya kaɗai, filashi ko faifan waje kuma ma'ajiya ce kurum. Babban haɗarinta shi ne juya ɓangarori: wanda ya sa jakar da babu kome a hagu, ya sa ta shago a dama, ya share dukiyarsa da hannunsa.

Ta biyu ita ce ta ƙari, wato Update. Ana kwafe sababbin fayiloli da waɗanda aka gyara daga hagu zuwa dama, ba a share kome. Ta fi aminci ga mai koyo, ko da yake tarkace kan taru a dama da tafiyar lokaci.

Ta uku ita ce mai zuwa da komowa, wato Two way. Gyaran da aka yi a kowane ɓangare yana ƙetarawa zuwa ɗayan, haka ma sharewa. Ita ce ta dace da mai aiki a shago da gida, ko mai reshe a Ibadan da wani a Kano. FreeFileSync takan ajiye wani ɗan ƙaramin fayil na tunawa a cikin jakunkunan domin ta san abin da ya canja tun daidaitawar baya, kuma bai kamata a share shi ba.

Matakan aiki

Da farko, a tattara dukan takardun kasuwanci a jaka guda mai suna bayyananne, a raba ta gida-gida: masu bashi, rasidai, banki, haraji. Na biyu, kafin gwajin farko a kwafe jakar gaba ɗaya zuwa wani wuri na uku, a ajiye ta gefe. Na uku, a duba agogo da kwanan watan kowace kwamfuta. Na huɗu, a rufe Excel da Word, domin fayil ɗin da yake buɗe ba lalle ne ya ɗauki gyaran ƙarshe ba. Na biyar, a gwada, a karanta jerin, a fi mai da hankali ga adadin fayilolin da za a share. Idan adadin ya zarce abin da ake tsammani, a dakata a bincika. Na shida, a daidaita, a jira ta gama, sa'an nan a cire filashin ta hanyar da Windows ya tanada. Fizge shi ana cikin kwafa, ko ɗaukewar wuta a daidai lokacin, na iya lalata fayil, shi ya sa ya fi kyau a yi aikin a kwamfutar tafi-da-gidanka mai caji ko wadda ke da na'urar riƙe wuta.

Idan an samu saɓani, kada a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya. A sake wa ɗayan suna, a buɗe su duka biyu, a haɗa bayanan da hannu. Maganin dindindin kuwa na tsari ne, ba na na'ura ba: mai gida ya tsayar da mutum ɗaya da wuri ɗaya da ake rubuta jerin masu bashi, kamar yadda malamin da ke riƙe da littafi ya kasance guda ɗaya a zamanin da.

Abubuwan lura

Fayil ɗin da aka share daga filashi ba ya zuwa kwandon shara na Windows, tafiya yake yi gaba ɗaya. Saboda haka a zaɓi tsarin da FreeFileSync ta tanada na tura duk abin da aka share ko aka maye gurbinsa zuwa wata jaka ta musamman mai kwanan wata. Haka kuma, filashi mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, kuma yana rubuta lokaci ne da tazarar daƙiƙa 2, abin da kan sa wasu manhajoji su ga bambanci inda babu.

Akwai wata cuta da ta yi ƙaurin suna a shagunan buga takardu, wadda ke ɓoye jakunkunan filashi ta bar gumakan bogi a madadinsu. Filashin da ya kamu da ita, idan aka daidaita shi ta hanyar zuwa da komowa, manhaja na iya ɗaukar gumakan nan ta kai su kwamfutar shago. Filashin lissafi bai kamata ya shiga kwamfutar kowa ba.

Ma'ajiyar intanet irin su Google Drive, mai ba da gigabait 15 kyauta, da OneDrive da Dropbox, suna daidaitawa da kansu ba tare da an gwada da ido ba. Suna da amfani ga mai reshe a nesa, amma kuskuren da aka yi a shago yana isa can cikin mintoci. Daidaitawa ba ita ce ajiya ba. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce kwafi 3, a kan na'ura iri 2, kwafi 1 kuma a wajen shago. Tun da jerin masu bashi yana ɗauke da sunaye da lambobin mutane, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsarewa, ya dace a sa wa faifan da ke fita waje makulli na sirri.

Ga mai shago ɗaya, FreeFileSync da faifan waje guda biyu da ake musanyawa mako-mako sun wadatar. Ga ofishin da mutane da yawa ke taɓa teburin lissafi, a ƙara da WinMerge ko Beyond Compare domin ganin abin da ya canja a ciki. Sau ɗaya a wata kuma a buɗe kwafin ajiyar a wata kwamfuta dabam, a tabbatar fayilolin suna buɗewa, adadin ƙarshe kuma ya yi daidai da na shago.