Biyayya ga Jam'iyya da Sanin Manufa a Ƙuri'ar Raba-gardama ta Lardin Sardauna

Sau biyu Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi ra'ayin mutanen Arewacin Kamaru, ƙasar amana da Ingila ta riƙa, game da makomarsu. A Nuwamba 1959 jam'iyyar NPC ta roƙe su da su zauna cikin Jihar Arewa, amma 42,788 kaɗai suka bi ta, 70,546 suka zaɓi a jinkirta maganar. Abin da ya rinjayi biyayyarsu kuwa shi ne kukan da suke yi da mulkin En'e, musamman hakiman da ake turo musu daga Yola, batun da ya cancanci nazarin ɗaliban Kongo, inda aka horar da ma'aikatan En'e da yawa.

Gwamnatin Sardauna ta gane karatun. Aka kafa sababbin En'e, irin ta Mubi da ta Gwoza, aka kuma yi musu alkawarin lardi nasu na kansu. Da talaka ya san wanda zai mulke shi, sai lissafi ya sake. A Fabrairu 1961, da mata suka shiga ƙuri'ar, 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka bi NKDP wajen neman haɗewa da Kamaru.