Gubar Da Ta Bi Kiwo Ta Shiga Tukunya

Jama'a, ku sani abin da dabba ta ci shi ke zama namanta, ko ta gida ce ko ta daji. Wanda ke shakka ya saurari labarin barewar ƙasashen sanyi.

A arewaci da tsakiyar Norwe da Suwidin akwai ƙabilar Sami, waɗanda arzikinsu wata irin barewa ce mai ƙaho rassa-rassa. Ba a ɗaure ta a turke, sake take yawo a daji. In hunturu ya shigo ciyawa ta ɓace, sai ta sa kofato ta tone dusar ƙanƙara, ta ci wani farin gansakuka da ke shimfiɗe a ƙasa da kan duwatsu. To, shi wannan gansakuka ba shi da saiwa. Daga iska da ruwan sama yake samun abincinsa, kuma duk abin da ya sha sai ya riƙe shi shekara da shekaru, kamar yadda soso ke riƙe ruwa.

Ranar 26 ga Afrilu, 1986, tashar nukiliya ta Canobil da ke Yukren ta fashe. Iska ta ɗebi burbushin, ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 da shi, ruwan sama ya sauke shi a makiyayar Sami. A cikinsa akwai wani sinadari mai guba, siziyam 137, wanda sai ya shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Gansakuka ya sha, barewa ta ci gansakuka, gubar ta zauna a tsokarta. Ba wari, ba ɗaci, dabba kuwa tana kiwonta garau, sai na'ura kaɗai ke iya tona asirin. A yankan farko bayan haɗarin, Suwidin ta hana cin naman barewa fiye da 70,000. Ku dubi irin wannan asara ga mutanen da ba su ji ba, ba su gani ba!

Hukumomi suka ga in aka dage a kan tsohuwar ƙa'idar yawan guba a nama, sana'ar kiwon za ta mutu. Norwe ta ɗaga iyakar da aka yarda da ita zuwa bekarel (ma'aunin ƙarfin gubar) 6,000 a kilo ɗaya na nama, daga baya ta sauko da ita 3,000. Wasu sun ga baiken wannan, amma a ganina yunwa da mutuwar al'ada su ma cuta ne.

Dabarun da suka fi amfani ba su da wuyar ganewa. Aka riƙa yanka da wuri, tun kafin dabba ta koma kan gansakuka. Wadda aka auna aka samu gubar ta yi yawa, sai a killace ta a ba ta harawa mai tsabta na 'yan makonni, jikinta ya fitar da mafi yawa. Aka kuma riƙa cakuɗa wani shuɗin sinadari a gishirin lasa, shi ke kama siziyam a hanji ya fita da kashi.

Kada ku zaci magana ta wuce. Barewa na son naman kaza ƙwarai, shi kuwa yana zuƙo siziyam daga ƙasa. A 2014 ya yi yabanya a tsakiyar Norwe, sai awo ya sake hawa, aka dakatar da yankan ɗaruruwan dabbobi, shekara 28 bayan fashewar.