Sauke Mota da Matsalar Gugar Taya: Darasi Daga Garejin Bakanike

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na fassara ya ba mu aikin tattaro kalmomin wata sana'a daga bakin masu ita. Ni sai na zaɓi kanikanci, saboda wani abu da ya same mu a hanya. Wani abokina ya sa an sauke masa motarsa, wato an rage mata tsayi har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, ya kuma saya mata manyan rim. Yana yawo shi kaɗai a cikin makaranta bai taɓa jin komai ba. Ranar da muka shiga mu biyar da jakunkuna a but za mu biki, tun kafin mu bar gari muka fara jin ƙara daga baya duk lokacin da muka faɗa rami, sai kuma ƙaurin roba. Da muka tsaya, sai ga gefen tayar baya ya tsage kamar an ja masa wuƙa, har zare ya fito. Allah ne ya kiyaye ba ta fashe muna cikin gudu ba. Wani dattijon bakanike Bahaushe a unguwar Sabo shi ya yi gyaran, kuma a wurinsa na yi kwanaki ina tambaya. Wannan maƙala za ta bayyana abin da ke jawo matsalar, da yadda ake gane ta, da kuma abin da ɗalibin harshe zai tsinta a cikinta.

Asalin Al'adar

Sauke mota don ado ya yi suna ne a tsakanin Amurkawa 'yan asalin Meziko a yankin Los Angeles bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1958 jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana tuƙa motar da wani sashe na jikinta ya sauka ƙasa da gindin rim, kuma sai a farkon 2024 aka janye ta. Masu tseren mota su ma suna sauke motocinsu, domin idan nauyi ya matso kusa da ƙasa mota ba ta yawan karkata a kwana. Sai dai filin tsere a shafe yake sumul. Hanyoyinmu kuwa ramuka ne da tudun rage gudu, ga kuma ɗaukar kaya fiye da ƙima.

Abin da Ke Faruwa Idan An Sauke Mota

Jikin mota a kan sifirin yake zaune, shokozoba kuma ita ke hana shi yawan tsalle. Tsakanin saman taya da fenda, wato murfin ƙarfen da ya lulluɓe ta, masu ƙera mota sun bar fili da gangan, domin taya tana hawa da sauka a duk lokacin da ta taka rami ko aka ƙara lodi. Mai son sauke mota yakan sa gajeren sifirin da aka ƙera don haka, ko ya sayi irin shokozobar da ake murza ta a daidaita tsayi. Mai neman araha kuwa sai ya sa a yanke sifirin na asali, ko a gasa shi da wuta ya lotsa. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi haɗari, domin zafi yana kashe ƙarfin ƙarfen, kuma sifirin da aka yanke yana iya zamewa daga mazauninsa.

Kowace hanya aka bi, filin nan ne ake ci. Idan an sauke mota da milimita 40, to taya ta rasa milimita 40 daga wurin da take hawa. Abu na biyu, a yawancin motoci kan taya yakan karkata ciki, gindinta ya buɗe waje, saitin ƙafa ya ɓaci, sai gefen ciki na taya ya cinye alhali na waje yana nan kamar sabo. Abu na uku, bamba da salansa da tukunyar baƙin mai duk sun matso ƙasa. Tudu guda ya isa ya fasa tukunyar, mai ya tsiyaye, inji ya buga.

Karanta Lambar Taya

A gefen kowace taya akwai rubutu irin wannan: 205/55 R16. Lamba ta farko faɗin taya ce, milimita 205. Ta biyu tana nufin tsayin gefen taya kashi 55 cikin 100 ne na faɗin, wato kusan milimita 113. Ta ƙarshe girman rim ce, inci 16, wato kusan milimita 406. Idan aka haɗa rim da gefe biyu, sama da ƙasa, tsayin taya gaba ɗaya ya kama kusan milimita 632.

Wanda ya koma rim mai inci 17 ya sa 225/45 R17 zai sami kusan milimita 634, bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma idan mai taya ya ce masa babu wannan, ga 225/50 R17, tsayin zai kai kusan milimita 657. An ƙara milimita 25, rabinsu kuma a saman taya suke. A motar da aka riga aka sauke da milimita 40, filin da aka rasa ya haura milimita 50 ke nan. Bugu da ƙari, allurar gudu za ta riƙa nuna kilomita 100 alhali motar tana kusan 104.

Zaman Rim

Rim ma yana da nasa lissafi. A bayansa akan ga haruffan ET da lamba, misali ET45. Wannan ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ake ɗaure shi a jikin ƙafa, da milimita. Idan lambar ta ragu, rim yana turowa waje. Idan ta ƙaru, yana shigewa ciki. A ɗauka an cire rim mai faɗin inci 6.5 da ET45, an sa mai inci 7.5 da ET35. Ƙarin inci guda milimita 25.4 ne, kowane gefe ya sami 12.7. Ragin ET kuma ya tura rim waje da milimita 10. Saboda haka bakin waje ya fito da kusan milimita 23, daidai ƙarƙashin leɓen fenda mai kaifi. Abin da ya yanka tayar abokina ke nan.

A kuma lura da ramukan noti. Toyota Camry tana da ramuka 5 a kan da'ira mai milimita 114.3, ita kuwa Corolla ta 2003 zuwa 2008 da ake shigowa da ita daga Amurka ramuka 5 ne a kan milimita 100. Duka biyar-biyar ne a ido, amma rim ɗin wannan ba ya zama a waccan.

Gwaji da Gyara

Na tambayi dattijon, na ce, "Baba, yaya kuke gane inda take guga?" Sai ya miƙo mini alli. A shafa alli a kafaɗar taya da gefenta, a ɗora mutane da kaya kamar yadda aka saba tafiya, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a hau tudu a hankali. Inda allin ya goge a taya, ko ya bar shaida a fenda, ko a robar da ke cikinta, ko a jikin shokozoba, nan ne matsalar take.

Gyara kuwa yakan fara da mafi sauƙi: a koma tayar da tsayinta ya yi daidai da na asali, da rim mai ET kusa da wanda kamfani ya sa. Idan gugar kaɗan ce a leɓen fenda, akan lanƙwasa leɓen ciki, a ɗumama fenti tukuna don kada ya tsage. Bayan kowane canjin tsayi wajibi ne a je alaimen, a kuma sake saita fitilun gaba. Idan duk da haka tana guga, sai a ɗaga motar. Tayar da gefenta ya yanku har zare ya fito kuwa ba ta faci, sai canji. Mai sayen ta tokumbo ya duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Darasin Harshe

Kalmomin gareji misali ne mai kyau na yadda Hausa ke narkar da kalmar aro. Kalmar da ta haifi "sifirin" ta fara ne da baƙaƙe uku a jere a Ingilishi. Tsarin gaɓar Hausa bai yarda da haka ba, sai aka cusa wasali tsakaninsu. Haka aka yi wa "sitiyari" da "birki".

Sai kuma giredin aikatau, kamar yadda F. W. Parsons ya tsara su a 1960. Mota ta sauka giredi na 3 ne, an sauke mota na 4, an saukar da fasinja na 5. Haka nan, ya goga alli a taya giredi na 1 ne, alli ya goge na 4, amma bakanike ya gogu, na 7, yabo ne, ma'ana ya ƙware. Ni da na koyi Hausa da girmana, na taɓa ce wa dattijon tayarmu ta gogu, yaran gareji suka yi ta dariya. A lura kuma da aikatau "ci": taya tana cin gefe, ta cinye, an ci fili.

Kammalawa

Sauke mota ba laifi ba ne ga wanda ya yi awo kafin ya yi ado. Wanda ya tsallake awon kuwa, garin neman gira zai rasa ido, kuma ba shi kaɗai ke cikin motar ba. Ga 'yan'uwana ɗalibai, ga aikin gwaji: a lissafa tsayin taya mai lamba 195/65 R15, sannan a bayyana wa wani yadda aka yi da Hausa zalla. Wanda ya sami kusan milimita 635 ya yi daidai.