Amsoshin Tambayoyinku: Lalata, Rushe ko Halaka?

Tambaya: Ni ɗaliba ce daga Zariya. Na rubuta a insha'i cewa "ambaliya ta lalata gidanmu har ƙasa", sai malaminmu ya ja wa kalmar "lalata" layi. Ina kuskurena?

Amsa: Malaminku ya yi daidai, amma kuskuren ba babba ba ne. Abin da aka lalata yana nan, amfaninsa ne ya tafi. Ƙwari sun lalata wake a buhu: buhun na nan, waken na nan, sai dai in kin damƙo shi ki ga duk huda da gari. Gidan da ya kwanta har ƙasa kuwa rushewa ya yi. Rushe ko rusa na abin da aka gina ne, kamar katanga, rumbu ko ganuwa. Shi ya sa mutane suka laƙaba wa Nasir El-Rufai "Mai Rusau" lokacin da yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007. Daga gini aka ari kalmar ake cewa an rushe majalisa.

Halaka daga Larabci muka samo ta, kuma ta mai rai ce. Ki tuna ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Ruwan ya rushe gidaje, ya lalata kayan 'yan kasuwa, ya halaka mutane. Kin ga kowace kalma ta zauna a mazauninta. Ɓata kuwa ta fi su sauƙi, ita ce ta suna, rai da lokaci.

Inda nake so ki fi kula shi ne lalata ɗin kanta, don tana da fuska biyu. "Ya lalata mota" magana ce ta ɓarna. "Ya yi lalata" kuwa zargin fasiƙanci ne, kuma ko "ya lalata yarinyar" can mai sauraro zai kai shi. Raina yana ɓaci in na ji mai fassara labari ya jefa ta a kan mutum ba tare da lura ba, domin mutuncin wani ake taɓawa.

Ki koma ki gyara jimlarki haka: "ambaliya ta rushe gidanmu har ƙasa." Allah ya mayar muku da alheri, ya ba ki sa'ar karatu.