Garin da Ba Ya Cikin Taswira

A ofis ake raba rijiyoyin burtsatse da azuzuwan makaranta da allurar rigakafi, kuma mai rabon abin da ke kan takarda yake dubawa. In sunan ƙauye bai fito a takardar ba, to ko mutum ɗari biyar ne a cikinsa, babu rabonsa. Wannan ne ya sa zancen taswira, wanda ake ɗauka na malaman jami'a ne da ma'aikatan safiyo, ya shafi manomin Darini da makiyayin Runka kai tsaye.

Darini tana cikin ƙaramar hukumar Batsari, Runka kuma a maƙwabciyarta Safana, a yammacin jihar Katsina. Ƙasa ce ta duwatsu da tuddai da rafukan da ke ƙafewa da rani, kuma daga yamma dajin Rugu ya tokare ta har iyakar Zamfara. Mutane ba a dunƙule suke zaune ba. Ban da manyan garuruwa irin su Batsari da Ruma da Wagini da Safana da Zakka, akwai unguwanni barjat, wata gida goma, wata gida uku, ga kuma rugage da ke tashi su sauka gwargwadon ciyawa da ruwa. Irin wannan zama shi ya fi saurin ɓacewa daga lissafin hukuma.

Da can akwai wani lissafi da ba ya barin kowa a baya, ko da yake ba don ƙaunar talaka aka yi shi ba. A zamanin En'e, kowace shekara mai unguwa zai ƙirga magidantansa, dagaci ya tattara ya kai wa hakimi, saboda haraji da jangali. Sarkin Ruma a Batsari da Yarima a Safana sun san kowace unguwa da ke ƙasarsu, don kuwa kowace tana da kuɗin da za ta biya. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin. Talaka ya huta, kuma ya cancanci hutun. Sai dai ƙirgar shekara-shekara ta tafi tare da harajin, ba a kuma kafa wata a madadinta ba. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Nijeriya an yi ta ne a 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Yaron da aka haifa a shekarar ƙidayar yau ya isa riƙe gida.

Mece ce taswirar zamani? Abu uku ake haɗawa. Akwai hoton ƙasa da tauraron ɗan Adam ke ɗauka daga sama. Akwai na'urar da ke cikin kusan kowace babbar waya, wadda ke karɓar saƙo daga taurari huɗu ko fiye ta faɗi daidai inda mutum yake tsaye. Sai kuma kwamfuta, wadda ke ɗora bayanai bisa hoton, wani kan wani: garuruwa, hanyoyi, rijiyoyi, makarantu, gonaki. Da an ɗora su sai abin da ido bai gani ba ya fito fili, misali unguwanni nawa ne suka yi wa asibiti nisan da mace mai naƙuda ba za ta iya kai wa ba. Hotunan ma ba tsada gare su ba. Na taurarin Landsat na Amurka, da suka fara aiki tun 1972, kyauta ake samunsu tun 2008. Na Sentinel-2 na Turai suna nuna fili mai faɗin mita 10, kuma kowane kwana biyar ana sake ɗaukar wuri ɗaya. Nijeriya ita ma ta harba nata, NigeriaSat-1, a 2003.

Wanda ke shakkar amfanin wannan ya tuna da shan inna. A 2012 Nijeriya ta sami yara 122 da cutar ta kama, fiye da rabin na duniya baki ɗaya, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ana yawan ɗora laifin a kan iyayen da ke ƙin allura, kuma akwai su. Amma da aka bincika sai aka ga wata ɓaraka ta daban. Ma'aikatan rigakafi suna fita ne da taswirar da aka zana da hannu, daga abin da wani ya tuna. Unguwar da ke kan iyakar mazaɓu biyu, kowane ɓangare sai ya ɗauka ta ɗayan ce, a ƙare kamfe babu wanda ya taka ta. Da taimakon gidauniyar Bill Gates da ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano, aka ɗauko hotunan sama aka bi su rufi-rufi, aka fitar da garuruwa da unguwanni da rugage, sannan aka tura mutane su tambayo sunan kowace. Aka kuma ba ayarin masu allura wayoyin da ke rubuta inda suke kowane minti biyu. Da yamma sai a ɗora sawunsu bisa taswira, a ga inda aka shiga da inda aka tsallake, washegari a koma. Ma'aikacin da ya saba zama a gindin bishiya ya cike takarda bai ji daɗin wannan tsari ba, amma yaran ƙauye sun ci moriyarsa. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Taswirorin da aka yi a lokacin ba su tafi a banza ba, a kansu aka gina shirin GRID3, wanda ke tattara wuraren garuruwa da asibitoci da makarantun ƙasar nan.

Mai karatu ya lura da abu guda a labarin nan: tauraro rufi yake gani, ba ya jin suna. Sai da aka je aka tambayi masu unguwanni kafin ɗigon da ke kan allo ya zama gari.

Ta fuskar ruwa ma haka ne. Ƙarƙashin Batsari da Safana dutse ne, ruwa yana maƙale ne a tsagoginsa da inda ya rube, shi ya sa ake iya haƙa rijiya a nan a sami ruwa, a matsa kaɗan a haƙa a tashi a tutar babu. In da kowace rijiyar da aka taɓa haƙawa an rubuta wurinta da zurfinta, da ko tana aiki ko ta mutu, da mai haƙa ta gaba bai yi lalube ba. Kuma da an daina jera famfo uku a ƙofar gidan mai faɗa a ji, alhali wata unguwa tana sha tare da dabbobi a kududdufi.

Amma inda taswira ta fi nauyi a wannan yanki shi ne zancen daji da burtali. Tun shekarun 1960 aka keɓe dajin Ruma da Kukar Jangarai don kiwo, aka gina madatsun ruwa domin dabbobi, musamman a wajen Runka, kuma a 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo. A hankali jama'a suka ƙaru, gonaki suka ci gefen daji, burtali ya tsuke, mashaya ta koma lambu, madatsu suka cike da yashi. Kowa na da nasa labarin yadda abin ya faru: manomi ya ce gonar gado ce, makiyayi ya ce hanyar kakanninsa ce. Hotunan shekaru hamsin da ke ajiye suna iya nuna inda daji ya tsaya a wata shekara da inda ya koma bayan shekaru goma. Hoto ba zai yanke hukunci ba, kuma kuskure ne a ce rikicin da ya addabi yankin duk a kan burtali yake, don satar shanu da garkuwa da mutane sun daɗe da zama sana'a mai zaman kanta. Duk da haka, zaman sulhun da ake yi da hoto a gaba ya fi wanda ake yi da rantsuwa kawai.

Kuma ba kullum hoto ke kawo labarin baƙin ciki ba. Can ƙetaren iyaka, a jihohin Maraɗi da Damagaram, manoma sun fara barin tohon itatuwa a gonakinsu tun shekarun 1980, suna sassabe wasu rassa suna barin masu ƙarfi, musamman gawo. Shekaru aka yi manyan ofisoshi ba su san girman abin ba. Sai da masana suka gwada tsofaffin hotunan sama na 1975 da na bayan shekara ta 2000, suka ga kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, kusan miliyan 200. Babu wanda ya dasa su, manoma ne suka raine su. Daga Batsari zuwa Maraɗi ba wata tafiya ba ce. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Katsina ke cikin jihohi 11 da ya shafa, da shirin ACReSAL na Bankin Duniya, za su fi amfani in da hoto ake auna aikinsu bayan shekara uku, maimakon yawan dashen da aka raba ranar buki.

A ɓangaren filaye, Abuja ta fara ajiye bayanansu a kwamfuta tun 2003, Kaduna ta bi sahu da hukumar KADGIS, yanzu kuma Katsina ta kafa tata, KATGIS. Irin waɗannan hukumomi a birni suke fara aiki, inda fili ke da tsada kuma kuɗin shiga yake. Abin da ya kamata mutanen karkara su sa wa ido shi ne ranar da aikin zai iso gonakinsu. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka a karkara, amma manoma kaɗan ne ke da ita. Ranar awo, in mai gona ba ya nan, sunan wanda ke nan ake rubutawa, kuma gonar marayu da ta mata su suka fi saurin salwanta.

Akwai kuma haɗarin da bai kamata a ɓoye ba. A ƙasar da ake fama da masu kai wa ɓarayin daji rahoto, takardar da ke nuna gidan mai shanu hamsin ko rumbun da ya fi cika makami ce. Wurin rijiya da makaranta kowa na iya gani. Dukiyar mutum da sunayen iyalinsa kuwa ba na bazawa ba ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba shi haƙƙin tambayar mai tattarawa wa ya aiko shi da inda bayanan za su.

Aikin kansa bai fi ƙarfin matasan gari ba. Ɗaukar wuri da waya ba ya buƙatar layi, ko a lokacin da aka katse sadarwa a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi a 2021 na'urar tana iya aiki, aikawa ce kawai sai an sami intanet. Ɗaliban nazarin ƙasa na jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa za su iya koyar da shi cikin 'yan kwanaki. Abin da ba za su iya ba shi ne sanin sunaye da tarihin wuri, wannan sai mai unguwa da arɗo da dattawa, mata da maza.

Akwai aiki guda da ba ya jira. Unguwanni da dama a bakin dajin nan sun watse, mutanensu suna zaune a Batsari da Katsina da wasu garuruwa. Rufin da ya rushe ba ya fitowa a sabon hoto, kwamfuta kuma za ta ɗauka fili ne babu kowa. Ya kamata dagatai da kansiloli su tabbatar an rubuta kowane irin wannan wuri da sunansa, da adadin gidajensa, da iyakar gonakinsa, a kuma nuna cewa mutanensa gudun hijira suka yi, tun dattawan da suka san iyakokin suna raye, kuma kafin ma'aikatan ƙidaya ko na awon filaye su iso.